Faifan Baƙin Teku

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Mun dawo daga asibiti ni da ƙanena Nafiou. Likitan ya yi ta jan Faransancinsa a hankali kamar ba ya son in gane. Na gane. Wadda ta yi shekara da shekaru tana sayar da atamfa a unguwar Alibandeng, nan ƙasar Gabon, ba za a ɓoye mata magana da Faransanci ba.

Ya ɗaga hoton wuyan Nafiou, ya ɗora bakin biro a wurin. An sa ranar aiki, farkon Nuwamba. Ya ce kafin nan a huta da murya, ban da ihu, ban da doguwar magana. Bayan aikin kuma, ya ce, "za mu gani."

Tambayar da ke bakina ta ƙi fitowa. Shi kuwa Nafiou abin da ya tambaya shi ne, "Dokta, muryar da nake da ita yanzu, za ta kai ni ranar?"

Likitan ya ce, "In ka lallaɓa ta."

A cikin taksi Nafiou ya kira Momo, abokin waƙarsa. Ina ji ya ce a kama musu sutudiyo daga jibi, kullum, har ƙarshen wata. Albam ɗin da suka ce sai baɗi, yanzu za a yi shi. Na fizge wayar na kashe.

Na ce, "Kai ba ka ji abin da aka ce ba?"

Ya ce, "Na ji, Yaya. Shi ya sa."

Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Ko Inna a Damagaram. Na yi, don direban yana kallonmu ta madubi.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Ruwa ake yi tun asuba. Ya sha kunu, ya bar ƙosai.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

Na rufe shago da azahar na bi shi. Na ce in dai sai ya je, to da ni da fulas ɗin citta da zuma za a je.

Sutudiyon a unguwar Angondjé yake, bayan gidan wani mutum mai suna Obame, dogo, mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Ɗaki biyu ne da gilashi a tsakani. An manne bango da soso, in ka shiga sai ka ji kunnenka ya toshe. Na zaci zan tarar da hayaƙi da shashanci. Na tarar da takalma a jere a bakin ƙofa da buta a gefe.

Su uku ne, sunansu Baƙin Teku. Nafiou ke yin baitocin Hausa. Momo, ɗan Alhaji Mahamman mai kayan gini, a nan aka haife shi, Faransanci yake zubawa kamar famfo, Hausarsa kuwa sai a hankali. Ta ukun Aïssata, ɗaliba ce a jami'a, ita ke haɗa kiɗa a kwamfuta. Ƴar mitsitsiya da ita, ta ɗora kaske, abin sauraron nan na kunne, a kan hijabi, amma in ta ɗaga yatsa ɗaya duk maza ukun shiru suke yi.

Ta ce, "Tanti Haoua, zo ki ji wani abu." Ta sa mini kasken. Na ji ƙahon jirgin ruwa, na ji ƙarar baro, na ji ƴan dako suna "a ba hanya, a ba hanya." Ashe tashar jiragen ruwa ta Port Môle ta je da wayarta ta ɗauko, ta yanka ta jera har ya zama kiɗa. Ina jin sa ƙafata ta fara motsi, na taka ta da ɗayar.

Sai Nafiou ya shiga bayan gilashi. Ni na raine shi tun da ya zo daga gida bayan rasuwar Baba, na san tafiyarsa, na san ƙaryarsa, na san yadda yake cin tuwo. Wannan da ya tsaya gaban makirufo ban san shi ba. Ya rufe ido ya fara jero magana a kan mai dakon da ke ɗaukar akwatin kowa shi bai taɓa hawa jirgin ba. Kalma na bin kalma ba ta taka ƴar uwarta. 

Bayan kamar awa guda muryar ta fara tsagewa. Na ƙwanƙwasa gilashi na ɗaga fulas. Momo ya yi dariya ya ce, "Yaya ta zama manaja."

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Jiya a hanya bai ce uffan ba har gida. Da hannu ya yi mini sai da safe.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan La'asar

Aïssata ta zo shago wai tana son jin yadda nake yaga yadi. Na kama shadda, na ɗan tsaga da almakashi, na ja. Ta sa na maimaita har na ɓata mata rai na ce kayan sayarwa ne. Ta sayi yadin. Yanzu wai ƙarar tana cikin waƙa ta uku, a wurin da ganga ya kamata ta buga. Ni Haoua na shiga faifan rap. Allah Ya sa kada matan Islamiyya su ji.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Tanti, lafiyar Nafiou ƙalau?"

Na ce, "Mura ce."

Ta dube ni. Yarinyar nan kunne ne da ita, sana'arta ke nan.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan Magariba

An yi faɗa yau.

Nafiou ya ce shi baitocinsa na dukan waƙoƙin zai fara ɗauka, ko da kiɗan bai gama haɗuwa ba, su sa nasu daga baya. Momo ya ce ba haka ake yi ba, tun da suka fara tare suke shiga, wannan ya jefa wannan ya cafe. Nafiou ya ce haka za a yi. Momo ya cire kaske ya ajiye.

Ya ce, "Faɗa mini gaskiya. Wani ya kira ka ne? Abidjan za ka tafi kai kaɗai? Saurin me kake yi?"

Nafiou ya ce, "Ka ɗauka haka ne."

Momo ya juyo wajena. "Yaya, ke kin sani. Kullum kina nan da fulas, kin sani."

Na duƙar da kai ina gyaran ɗankwali. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita cikin ruwa.

Obame ya juya ga na'urarsa. Ya danna abinsa, ya yi wa Nafiou alama ya shiga. Ya shiga, ya yi baiti biyu masu kyau, na uku ya ƙi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da azahar

Momo bai zo ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da azahar

Bai zo ba. Inna ta kira, na ce kowa lafiya. Ta ce me ya sa autanta ba ya kiranta sai dai saƙo. Na ce aiki.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan La'asar

Da safe na gaya wa Nafiou cewa alkawarin nan ya fi ƙarfina. Na ce ni zan iya riƙe bakina, amma yaron nan yana yawo da baƙin cikin abin da ba a yi masa ba, kuma wannan zalunci ne. 

Bayan an sauko daga masallaci na hango su daga shago, su biyu, a ƙarƙashin rumfar mai gyaran taya. Ban ji abin da aka ce ba. Na ga Nafiou ya kama hannun Momo ya ɗora a gefen wuyansa. Na ga Momo ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Sai ya tsuguna a wurin, cikin fararen kayansa na Juma'a, a kan baƙin mai.

Sun daɗe. Na yi ciniki biyu ban san me na sayar ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ina buɗe shago na tarar da Momo a kan benci da takardun baitocin Nafiou.

Ya ce, "Yaya, koya mini. In an zo wasa a gaban jama'a, kafin ya warke, wani zai riƙe masa wurinsa. Ba na son a kawo bare."

Kafin ya warke. Haka ya ce, ni ma haka na karɓa.

Wayyo Hausar Momo! Ya ce "kasa" a wurin "ƙasa," ya ce "dan" a wurin "ɗan." Na ce, "Kai, a gidanku da me ake magana?" Ya ce Alhaji na yi masa Hausa yana mayarwa da Faransanci tun yana ƙarami. Na sa shi ya riƙe maƙogwaronsa yana cewa ƙofa, ƙarfe, ƙaiƙayi. Ƙulu mai abinci ta leƙo ta ce ko aljanu ne. Bai ji kunya ba, bai yi dariya ba. Yaron da ake layi a ɗauki hoto da shi a bakin teku, ya zauna tsakanin turamen atamfa yana "ƙa, ƙa, ƙa" har azahar.

Na riƙa ganin kamar ɗan gata ne kawai mai son a kalle shi. Ashe akwai mutum a cikin rigar.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan Magariba

Muryar ta dishe sosai. Abin da yake yi a numfashi ɗaya yanzu sai ya tsaya a tsakiya. Ya saurari abin da aka ɗauka yau ya ce a goge.

Obame ya juyo da kujerarsa. Tun da nake zuwa ban ji ya yi magana mai tsawo ba sai yau. Ya ce, "Na ɗauki muryoyi masu santsi da yawa a ɗakin nan, na manta su. Wannan ba zan goge ba. In kana so ka goge, nemi wani sutudiyon."

Nafiou ya ce ba ya iya bin kiɗan, ya yi masa sauri.

Aïssata ta ce, "To kiɗan zai bi ka."

Ta sa kaske ta duƙufa. Muna zaune muna kallon bayanta. Ta rage gudun kiɗan, ta cire abubuwa, ta buɗe masa gurabe inda zai ja numfashi, a kowane gurbi ta sa ƙarar ruwan teku yana komawa. Aikin da ta yi wata da watanni tana ginawa ta rushe da hannunta, ko tsaki ba ta yi ba. Da ta kunna, sai ka rantse tun asali haka aka tsara waƙar.

Ya shiga ya yi ta a ɗauka ɗaya. Muryar kamar ana jan buhu a kan siminti, amma kowace kalma ta zauna daram. Da ya fito Aïssata ba ta dube shi ba, ta ce, "Saura uku."

Ba wanda ya gaya mata komai har yau. Ba ta kuma tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da safe

Kunu ma yanzu sai an tsinka shi.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

An ɗauke wuta a Angondjé tun rana. Muka zauna a barandar Obame muna jira, matarsa ta kawo soyayyar ayaba da kifi. Nafiou ya riƙe nasa a hannu har ya huce. Momo ya lura, sai ya ajiye nasa shi ma ya ce azumi yake, alhali na ga ya sha ruwa.

Suka yi gardamar sunan albam. Nafiou yana rubuta nasa a waya yana nunawa don a tanadi murya. An tsaya a kan Takardar Zama, sunan waƙar da Momo ya rubuta a kan yaran da aka haifa a nan: a nan a ce musu baƙi, in sun je gida a ce musu ƴan Gabon. Obame ya ce shi ba ya jin rabin abin da suke faɗa, amma ɗansa ya haddace amshin.

Wutar ba ta dawo ba. Yini guda ya tafi. Na ƙirga sauran a zuciyata, na daina.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan Azahar

Ya kira Inna da kansa. Na fita na ba su wuri, na tsaya a bayan ƙofa, wanda duk ɗaya ne.

Bai faɗi sunan abin ba. Ya ce za a yi masa ɗan aiki a wuya. Ya buɗe sautin wayar, ina jin su duka. Sai na ji ta ce, "Ba ni Haoua."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa.

Ta ce, "Na ji a muryarsa tun watan jiya. Ina jira in ga ranar da za ku ɗauke ni mutum." Ba ta yi kuka ba. Ta ce in riƙa tofa masa Fatiha a ruwa. Ta ce, "Waƙar da yake yi, ya gama?" Na ce saura ɗaya. Ta ce, "To ya gama. Kada ki hana shi."

Inna da ta yi shekara ba ta yi masa magana ba saboda waƙar nan.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan Magariba

An gama.

Ta ƙarshen ita ce wadda ya rubuta wa Inna, a kan ranar da ta raka shi tasha ta ɗaure masa dakuwa a bakin zane. Ya ajiye ta ƙarshe don ya fi son ta, kuma wannan ne kuskuren, don yau muryar ba ta zo ba. Ya buɗe baki, iska kawai. Ya sha citta, ya jira, ya sake. Layi biyu suka fito, na uku ya mutu. Ya sake. Layi biyu. Ya dafa gilashi da goshinsa.

Na tashi zan ce ya isa haka. Momo ya riga ni. Ya cire hularsa ya buɗe ƙofar ya shiga, ya tsaya kusa da shi a gaban makirufo ɗaya.

Ya ce, "Yi biyu, in yi biyu."

Nafiou ya girgiza kai.

Momo ya ce, "Na iya. Tambayi Yaya."

Duk suka juyo. Na ce, "Ya iya."

Aïssata ta saki kiɗan. Nafiou ya yi layi biyu da abin da ya rage masa. Kafin numfashinsa ya faɗi Momo ya ɗauka, da Hausa, Hausar Damagaram, har da yadda Nafiou ke jan ƙarshen kalma. Ya ajiye, Nafiou ya ɗauka. Haka suka yi ta miƙa wa juna kamar masu sauke bulo daga mota. Wurin da aka ce, "Inna, ƙasar nan da ruwa, amma ƙishinki nake ji," a bakin Momo ya faɗo, kuma ya fito da ƙ ɗin nan tsaf, duka biyun.

Kiɗan ya tsaya. Obame ya cire tabarau yana gogewa da riga. Aïssata ta ce, "An samu," ta ja hijabi ta rufe fuska.

Ni ban san waƙa ba. Amma na san aikin da aka yi da gaskiya in na gan shi, ko ɗinki ne ko gini. Yaran nan sun yi aiki.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da yamma

Na haɗa jaka. Ya ce in sa masa rigar da ba ta da wuya.

Talata, 4 ga Nuwamba, da asuba

Ya Allah.

Talata, bayan La'asar

Ya fito daga ɗakin tiyata. Yana numfashi. Momo da Aïssata tun safe suna kan benci, Alhaji Mahamman ma ya zo da carbinsa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Likita ya ce an cire abin da za a cire. Na yi tambayar tawa a ƙarshe, ko zai rayu, ya ce yana da kyakkyawan zato. Na yi ta Nafiou, ta murya, ya ce a jira.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da azahar

A jira.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

Mun dawo gida. Da waya yake magana, ya rubuta ya nuna. Akwai sauran zuwa asibiti, da yawa. Obame ya aiko a tambaye shi ko yana son jin yadda haɗin ke tafiya, ya rubuta, "Su gama. Na yarda da su."

Ba ya son a kunna komai a gidan. Ko rediyo.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da safe

Wata mata a asibiti tana koya masa yadda zai fitar da sauti. Yana dawowa ya shige ɗaki. Ina jin yana gwadawa a bayan ƙofa, sai in ƙara ƙarar famfo don kada ya san ina ji.

Asabar, 6 ga Disamba, bayan La'asar

Jiya albam ya fita. Aïssata ta kawo ƴar sifika ta ajiye mini a shago ta ce in kunna wa masu ciniki. Yau na matsa wa Nafiou ya fito ya sha iska, ya zauna a kujerar cikin shago da mayafi a wuya, yana kallon titi. Na yi shahada na kunna, ƙasa-ƙasa. Bai hana ni ba, bai kuma juyo ba.

Ana cikin ta ƙarshen wani dattijo ya shigo, direban babbar mota, daga ganin rawaninsa mutumin Tawa ne. Shadda ya zo saya wa matarsa. Na baza masa kala uku, ya ɗora hannu a kan ɗaya, sai ya tsaya. Ya karkata kai wajen sifikar. Har aka zo wurin tasha da dakuwa bai ɗauke hannun ba.

Ya ce, "Hajiya, wane ne wannan?"

Na ce, "Wasu yara ne na nan unguwar."

Ya ce, "Mai dishasshiyar muryar nan. Wannan ya san abin da yake faɗa. Rabona da tawa uwar shekara tara." Ya share ido da bakin rawani, bai ɓoye ba. "In kin gan shi ki ce Allah Ya yi masa albarka."

Na dubi Nafiou. Ya ɗan girgiza mini kai, kada in faɗa. Na ce wa dattijon zan gaya masa.

Ya ce ko za a maimaita masa ita. Na mayar da ita farko. Ya zauna a kan benci, gwiwarsa kusan tana taɓa ta Nafiou, su biyu suna kallon titi. Na juya ina naɗe shadda.

Sai na ji wani abu a bayana, siriri, kamar ana murza busasshen ganye. Na zaci sifikar ce. Na juyo. Nafiou ya dafe wuyansa da yatsu biyu, jijiyar goshinsa ta tashi, yana kallona. Ya sake, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya. Ƙara sauti."

Na ƙara har Ƙulu ta leƙo.